Ranar Da Na Fita Da Gudu Ba Hula

Shekarun baya, lokacin da tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, likita ya dubi abin awon jini ya dube ni, ya ce, "Malam, ko ka fara motsa jiki, ko ka fara shan magani har ƙarshen rayuwarka. Ka zaɓa." Ni kuwa ba abin da na tsana a duniya kamar haɗiyar ƙwaya. Da haka na faɗa hannun wani abokina da muke ofis ɗaya, mutumin da in ya fara yi maka maganar gudu sai ka rantse kamasho ake ba shi. Muka fara da tafiya, muka koma sassarfa, ban ankara ba sai ga ni ina gudu na gaske, har ina raina masu shan lemon kwalba. Ana nan ya kai sunana aka rubuta a rabin gudun fanfalaki da za a yi a Abuja, kilomita ashirin da ɗaya, sai da ya gama sannan ya gaya min.

Wanda bai tashi a cikin birni ba ba lalle ya gane abin da zan faɗa ba. A cikin ganuwa babba ba ya gudu. Yaro ya yi gudu, ɓarawo ya yi gudu, wanda gobara ta kama gidansa ya yi gudu. Amma magidanci mai furfura a gemu, ko ruwan sama ne ya tsuge masa, iyakarsa ya ɗaga ƙafa ya raɓe a zauren wani. Saboda haka ni ban taɓa yin guduna a unguwa ba. In an idar da sallar asuba sai in shiga mota da riga da hula kamar mutumin kirki, in fita bayan gari wajen Nassarawa, in canza kaya a cikin mota, in yi abin da zan yi, in mayar da rigata in dawo gida. A unguwarmu, Soron Ɗinki, ba wanda ya san abin da nake yi sai mutanen gidanmu.

Mahaifiyata, wadda kowa a unguwa yake kira Hajiya, ta sani, kuma ba ta so. Duk lokacin da ta ga takalmina a shanye a kan katanga sai ta ce, "Wai ni wa ya biyo ka ne?" Ta taɓa jin labarin wani da ya yanke jiki ya faɗi yana cikin gudu, bai shura ba, tun daga nan ta sa a ranta cewa haka tawa za ta ƙare. A watan nan kuma ita ce ba ta da lafiya. Hawan jini da sukari sun haɗu sun kwantar da ita a asibiti, an sallamo ta ba da daɗewa ba, unguwa kaf an shigo dubiya an ga yadda ta rame.

Saura mako biyu gasar, abokina ya ce Asabar ɗin nan ce ranar dogon gudu na ƙarshe, wanda ya tsallake ta kada ma ya wahalar da kansa zuwa Abuja. Ranar Juma'a da yamma motata ta mutu a hanyar dawowa daga aiki. Bakanike ya leƙa, ya tsotsi haƙori, ya ce sai an je Ƙofar Ruwa an nemo kayan gyara, kada in sa rai kafin Litinin. Ga shi kuma Asabar ɗin ce aka ce a kai Hajiya gwajin jini da sassafe, kafin ta sa komai a bakinta. Muka yanke shawara matata ta kai ta a adaidaita, ni kuma abokina ya jira ni a Ƙofar Mata. Ya ce, "Daga gida ka fara gudun kawai, jiki ya ɗau zafi. Da duku-duku wa zai gan ka?" Shi a sabuwar unguwa ya tashi, bai san birni ba. Ni da na sani, na biye masa.

Yammacin nan na yi shiri kamar mai shirin tafiya aikin Hajji. Matata ta dafa min taliya da manja, don abokina ya ce masu gudu taliya suke ci. Na goge takalmi, na ƙulle dabino a leda, na ajiye wando da 'yar riga mai gajeren hannu a gefen gado. An kwana biyu ba wuta, matata ta aika wayarta wurin mai caji, ta ce in sun dawo daga asibiti ta karɓa. Tawa kuwa dama a gida nake barinta in zan yi dogon gudu, don tana dukan cinyata a aljihu.

Da aka idar da asuba na fito bakin titi na samo adaidaita. Damina ce, an yi ruwa an ɗauke, lungu duk santsi. Na riƙo Hajiya ta dafa kafaɗata, matata na riƙe da ita ta ɗaya gefen, muka taka a hankali har muka sa ta a ciki. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma gudun naka za ka ko?"

Na ce, "E, Hajiya, na yau ne babba."

Ta ce, "Allah ya shirye ka. Ka dai dawo min da ƙafarka."

Na koma ciki na canza kaya, na leƙo zaure kamar mara gaskiya, na ga lungun ba kowa, na sunkuyar da kai na kwasa. Ina kaiwa kwanar masallaci sai ga dattijon maƙwabcinmu, aminin marigayi mahaifina, zaune a kan dakali da carbi, da wasu mutum biyu da ba su tashi daga lazimi ba. Kunya ta rufe ni. Ga ni da 'yar riga, kai ba hula, sanƙona a waje. Na ji ya ɗaga murya, "Kai! Lafiya? Lafiya dai?" Maimakon in tsaya in gaishe shi, sai na ɗaga masa hannu kawai na ƙara wuta, na miƙe ta Shahuci, hanyar da ake bi zuwa asibiti. A raina na ce in na dawo na je na ba shi haƙuri.

Gudun ranar nan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Iska mai sanyi, kwalta a wanke, masu ƙosai sun fara hura wuta. Abokina yana gefe yana duba agogonsa yana cewa in rage sauri, ni kuwa ji nake kamar an mayar min da ƙafafun da nake da su ina ɗan sakandare. Muka zaga ta Nassarawa, muka yi nisa, rana ta fito ta same mu a hanya. Can wajen ƙarshe gwiwa ta fara ƙorafi, na jefa dabino a baki na daure. Da muka gama na rungume abokina da gumi da komai, na ce masa Abuja ta shirya, ga mu nan. Muka zauna wurin mai shayi muka ci burodi da ƙwai, muka daɗe muna yabon kanmu. Hantsi ya dubi ludayi sannan ya sauke ni a bakin titin unguwarmu ya wuce.

Abin da na fara gani babura ne da motoci sun cika bakin lungu. Na ce, to, wa muka rasa a unguwa kuma? Na fara lissafa tsofaffin layinmu a zuciya. Wata mata ta fito da hijabi, muka haɗa ido, sai ta kawar da kai ta ce, "Sannu Malam. Sai haƙuri." Na amsa mata ban gane ba. Na sha kwana.

Tabarmi ne a shimfiɗe tun daga ƙofar gidanmu har gaban gidan maƙwabta, maza zaune a jere, ga butoci. A jikin bangon zaurenmu an jingine makarar masallaci. Daga cikin gida ina jiyo koke-koken mata, a ciki har da muryar 'yata ƙarama.

Ban san lokacin da na durƙusa a cikin caɓi ba. Kawuna, ƙanin Hajiya da yake zaune a Kabara, shi ya taso ya ɗaga ni, idonsa jajur. Ya rungume ni ya ce, "Haƙuri za ka yi. Yaya ta riga mu. Allah ya ji ƙanta."

Innalillahi kawai nake maimaitawa. Matar da na sa a adaidaita da hannuna. Matar da ta ce in dawo mata da ƙafata. Ga shi na dawo da ƙafar, ita ba ta dawo ba. Ina can ina cin burodi da ƙwai ina dariya, uwata tana can tana cikawa. 

Aka zaunar da ni a tsakiyar tabarma. Wani ya shiga gidansa ya ɗauko babbar riga ya zura min a kan kayan gudun, wani ya kifa min hula. Mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna miƙo hannu. "Ya haƙuri?" In ce da godiya. "Allah ya sa ta huta." In ce amin. Ban tambayi kowa komai ba. Me zan tambaya? Ga makara, ga kawu, ga liman. Su ma ba wanda ya tsare ni da tambaya, don ba a yi wa mai rashi haka.

Sai can liman ya matso ya rage murya. "Matarka tana can tare da ita?"

Na ce, "Tana can."

"Yaushe za a taho da ita? Don mu san lokacin da za mu sanar. Yara sun tafi maƙabarta tun ɗazu."

Na ce ban sani ba.

Kawu ya dafa gwiwata. "A gabanka ta cika?"

Na girgiza kai, hawaye na zuba a kan rigar mutane. "Ba na nan, Kawu."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allahu akbar. Duk gudun da ka sha ba ka same ta da rai ba."

Wallahi maganar nan ta shiga kunnena, amma ba ta isa ƙwaƙwalwata ba. Ni dai na ɗauka gori yake min a fakaice, na ƙara sunkuyar da kai. Abin da ya faɗo min shi ne matata tana can ita kaɗai da gawa, ba waya, ba namiji a kusa. Na ce wa kawu a samo min babur in tafi asibiti. Ya ce in ɗan natsu tukuna, a kawo mota mu tafi tare.

Muna cikin haka sai surutun bakin lungu ya ɗauke ɗif, kamar an kashe rediyo. Mutanen da suke can ƙarshen tabarma suka miƙe tsaye. Wani da yake alwala ya saki buta. Wani dattijo ya ja da baya har ya taka ƙafar na kusa da shi, yana ta "A'uzubillahi." Ni kaina yana ƙasa, ban ɗago da wuri ba. Muryarta na fara ji.

"Me ya faru a gidana?"

Hajiya ce. Tsaye da ƙafarta, ta dafa matata, auduga manne a hannunta inda aka ɗebi jini, matata riƙe da ƙullin ƙosai da ledar koko. Na ga fatalwa ko na ga uwata, ban sani ba. 

Ta dubi makarar. Ta bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, idonta ya wuce ta kaina bai tsaya ba, don ita ta san ɗanta da 'yar rigar gudu zai fita, wannan kuwa wani ne cikin babbar riga da hula. 

Ta ce, "Ya faɗi ko? Na gaya masa. Sai da na gaya masa. Ina kuka kwantar min da shi?"

Matata ta ƙwalla ƙara ta saki ƙosan. Hajiya kuma ta tafi luu za ta kai ƙasa.

Jama'a, na yi gudu a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na lokacin nan ba. Ta kan tabarmi, ta kan ƙafafun dattawa, ta kan butoci, babbar riga tana harɗe ni, hula ta yi nata wuri. Kafin kanta ya kai dakalin siminti na tare ta. Muka zube tare a ƙasa, tana jikina. Ina ta cewa, "Hajiya ni ne, ga ni, ni ne." Aka kawo ruwa aka shafa mata. Ta buɗe ido, ta kai hannu ta shafa fuskata, ta kama kunnena ta murɗa kamar yadda take min ina yaro, wai don ta tabbatar.

"Kai ne?"

"Ni ne, Hajiya."

Ta mayar da numfashi. Sannan ta ce, "To wa ya mutu?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. Kawu ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, ai ke ce aka ce."

Sai da aka shigar da ita ɗaki, matan da suke kuka suka gan ta suka sake wani sabon ihun, wata ma har ta ɓuya a bayan randa, sannan aka zauna aka fara warware zancen. Ni a lokacin firgici ya fara juyewa zuwa fushi. Na fito ƙofar gida na ce ina so in san wanda ya kashe min uwa da baki.

Ba a samu mutum ɗaya ba. Dattijon maƙwabcinmu ya ce shi Allah ne shaidarsa bai ce ta mutu ba. "Da idona na ga an fito da Hajiya a rirriƙe an sa a adaidaita. Ban tashi daga wurin ba sai ga ka a guje, kai ba hula, ka yi hanyar asibiti. Na tambaye ka lafiya, ba ka amsa ba. Kai da ko a mota kake sai ka sauke gilashi ka gaishe ni. Cewa na yi lalle jikin Hajiya ya rikice, a sa ta a addu'a." Na kusa da shi ya shiga gida ya gaya wa iyalinsa cewa jikin ya yi tsanani. Matar ta yafa mayafi ta shiga gidanmu tana salati, ta tarar da yara su kaɗai, ta tambaye su, suka ce an tafi da Hajiya asibiti, Baba kuma ya fita da gudu. Ta ɗora hannu a ka. Yara suka ga babba ta ɗora hannu a ka, suka fashe da kuka. Mazan da suke waje suka ji kuka daga gidan mara lafiya, shi ke nan, zance ya ƙare. Aka buga wa kawu. Kawu ya kira wayata tana ta ringi a kan gado, ya kira ta matata a kashe wurin mai caji. Ya biya kasuwa ya yanko likkafani ya taho. Da ya iso ya ga tabarmi sai ya tabbatar, masu tabarmi kuma da suka ga ya zo da likkafani sai su ma suka tabbatar. Ni kuma na zo na durƙusa a caɓi na sa musu hannu.

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To wai ina ka je da gudun?"

Na ce, "Motsa jiki, Baba."

"Motsa jiki? Me ya samu jikin?"

Wasu suka fara dariya, irin dariyar da mutum yake yi bayan mota ta kusa kaɗe shi. Ni ban yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya da take layinmu ta shigo ta auna jinin Hajiya, na ga yadda fuskarta ta canza. Ta ce a kashe surutu, a fitar da kowa, in bai sauka ba kafin azahar a mayar da ita asibiti. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin da kayan guduna da suka bushe a jikina, ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Tsorona ɗaya, kada abin da aka fara da ƙarya ya ƙare da gaske. Allah ya taimake mu, wajen la'asar ya sauka, ta nemi kokonta.

Aka naɗe tabarmi, aka mayar da makara masallaci. Kabarin da aka riga aka haƙa, an ce kafin magariba wani bawan Allah daga wata unguwa ya shige shi. Da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna. Likkafanin kuwa kawu ya so ya sulale da shi a hammata, Hajiya ta hango ta ce, "Ina za ka da kayana?" Ta karɓa, ta shafa yadin ta ce ya iya zaɓe, ta sa matata ta ninke shi ta ajiye mata a ƙasan akwati.

Ranar Lahadi abokina ya kira da safe wai mu fita ɗan gajeren gudu na warware gajiya. Abin da na gaya masa ba zai rubutu a nan ba. Ranar ma ba mu huta ba, don labarin mutuwa ya fi na tashi sauri. Dangin mahaifinmu na ƙauye suka sauko daga mota da kayan kwana sun zo zaman makoki, suka yi sallama da jajayen idanu, mamaciyar ta amsa musu daga kan darduma. Wata gwaggona sai da aka riƙe ta. Hajiya kuwa abin ya fara yi mata daɗi. Ta zauna tana lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba, har ta aika a gaya wa wata ƙawarta cewa ta ga matsayinta.

Da yamma na shiga ɗakinta da takalmin gudun a hannu, na ce na daina, zan bayar da shi. Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta ce, "Jiya daga ina ka taso ka tare ni?"

Na ce daga tsakiyar tabarma.

Ta ce, "Da tumbin nan naka na da ne, da kaina ya riga ka isa dakali. Ajiye takalminka. Amma daga yau in za ka fita, ka sa hula, kuma ka tsaya ka gaida mutane. Kai ba mahaukaci ba ne."

Na je Abuja, na gama gudun, cikin na baya-baya, ina jan ƙafa, har masu raba ruwa sun fara tattara kaya. Lambar da aka rataya min Hajiya ta karɓe ta maƙale a ƙusa kusa da carbinta. Tun daga nan na daina ɓoyewa. Nakan fito daga gida da hula a kai, in taka a hankali har kwanar masallaci, in durƙusa in gaida dattijon, in ce masa, "Baba, lafiya ƙalau, gudu zan je." Ya ce, "A dawo lafiya." Sai na fita titi sannan in cusa hular a aljihu.

Na daɗe ina jin haushin mutanen unguwarmu, ina cewa ba su da aiki sai sa ido. Daga baya na sake tunani. Kafin in dawo daga shan shayi, ba tare da na roƙi kowa ba, an shimfiɗa tabarma, an kawo makara, an haƙa kabari, an rufa min asiri da riga da hula. Kuskure suka yi, kuskuren da ya kusa yi mana illa, amma na mutanen da suka san kai har suka san yadda kake tafiya ne. Akwai unguwannin da za ka fita a guje kana ihu ba mai ɗaga labule.

Hajiya ta ƙara shekaru masu albarka bayan wannan. Ranar da ta tafi da gaske, da asuba ne, a ɗakinta, kanta a kan cinyata. Ba gudu, ba ihu. Na rufe ta, na sa rigata da hulata, na fito ina takawa a hankali zan je in gaya wa liman. Dattijon yana nan a kan dakalinsa, ya tsufa sosai, carbi a hannu. Ya hango ni ya washe baki ya ce, "A'a, yau ba gudun ne?"

Na durƙusa a gabansa kamar kullum, na buɗe baki in ce masa lafiya ƙalau, na kasa. Ya daɗe yana kallon fuskata, sannan ya ajiye carbin ya kama hannuna da hannu biyu.

Da likkafanin nan na ƙasan akwati aka yi mata sutura.